Ciwon Zubewar Gashi: Yaya Waɗanda Suka Yi Jinya Suka Ji da Magungunan?

Asma'u, Garwa:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa jinyar ciwon nan da ke zubar da gashi wuri-wuri, ya bar fatar kai sumul, ba ƙurji ba amosani, wanda likitocinmu suke rubuta shi da sunan pelade a takardar asibiti. Ya daɗe tare da ni, kuma an yi mini allurar da ake sokawa a cikin fatar kai, gashin ya fito har na koma yin kitso, sai ga shi bayan damina ya sake buɗewa a ƙeya, ya ma fi na farko faɗi. Yanzu likitan yana maganar ƙwayoyin sha, ni kuwa gwiwata ta yi sanyi, domin ban san abin da zan sa rai a kansa ba. Sunayen magunguna ana samunsu a ko'ina. Abin da nake so in ji daga bakin waɗanda suka sha su shi ne yadda suka ji a jikinsu da zuciyarsu, da kuma ko yau suna ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Malam Sani, Marwa:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni a gemu ya same ni, wanzamina ne ma ya fara lura da shi, wuri biyu, kowanne faɗin tsabar dala ashirin, ya ce in riƙa goga tafarnuwa safe da yamma har wurin ya yi ja. Na bi maganarsa, na haɗa da man habbatus-sauda, kuma kafin shekara ta zagayo gashin ya fito, da farko fari mai laushi, daga baya ya yi baƙi ya saje da sauran. Ban taka asibiti ba, ban kuma kashe wani abin a zo a gani ba, saboda haka ina ganin ki gwada wannan kafin ki shiga shan ƙwayoyin da ba ki san ƙarshensu ba.

Likita Nuhu, Ngaundere:
Malam Sani, na yi murna da lafiyar da ka samu, kuma farin gashin nan mai laushi da ka ambata alama ce da muke gani sosai idan ciwon ya fara ja da baya. Sai dai ya kamata a san yadda ciwon yake kafin a yanke hukunci a kan abin da ya warkar da shi. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take juyowa ta kewaye tushen gashi ta hana shi tsiro, amma ba ta kashe shi, shi ya sa gashin yake iya dawowa ko bayan shekaru. Ba a ɗaukarsa ta aska ko hula ko matashin kai, kuma kimanin mutum 2 cikin 100 ne zai gamu da shi a rayuwarsa, maza da mata, yara da manya. Mai wuri ɗaya ko biyu ƙanana irin naka, sau da yawa gashinsa yakan dawo da kansa cikin shekara guda ko bai shafa komai ba. Na Malama Asma'u daban ne, domin ya daɗe, ya tafi ya dawo, kuma ya kama ƙeya, wadda take cikin wuraren da suka fi ƙin jin magani. Ɗanyar tafarnuwa kuwa tana ƙona fata, kuma na sha ganin mata sun zo da ƙuna da baƙin tabo a kan ciwon da shi kansa ba ya barin tabo.

Malam Sani, Marwa:
Likita, da girmamawa, akwai abin da bai kwanta mini ba a maganarka. Idan mutum ya sha allurarku gashinsa ya fito, sai a ce allura ta yi aiki. Idan kuwa ya shafa abin da iyayenmu suka sani gashinsa ya fito, sai a ce da ma zai fito. Da wane ma'auni ake raba su, tunda ga 'yar'uwarmu ta yi allurar kuma ciwon ya dawo mata?

Likita Nuhu, Ngaundere:
Tambayarka tana kan hanya, Malam, kuma ta cancanci amsa ba tare da kwana-kwana ba. Ma'aunin shi ne a tara majinyata masu yawa a raba su kashi biyu, a ba wa kashi ɗaya maganin, ɗayan kuma a ba su abin da babu magani a cikinsa, sannan a jira a ƙirga. An gwada ruwan albasa ta irin wannan hanya a Iraƙi a shekarar 2002, sakamakon ya nuna alamar amfani, amma waɗanda suka kammala gwajin ba su kai 40 ba, kuma mutum 40 ba su isa a gina hukunci a kansu ba. Ita ma allurar triamcinolone da muke yi, ta fi dogara ga abin da likitocin fata suka daɗe suna gani a hannunsu fiye da manyan gwaje-gwaje. Tana tsiro da gashi a daidai inda aka soka ta, ba ta hana garkuwar jiki buɗe wani wurin gobe. Duk magungunan da ke hannunmu yau danne ciwon suke yi, babu wanda yake tumɓuke shi, kuma a ganina wajibi ne a faɗa wa majinyaci wannan magana tun ranar farko, kafin ya fitar da sefa ɗaya daga aljihunsa.

Hajiya Kulu, Njamena:
Asma'u 'yata, na karanta tambayarki na kasa wucewa, domin hanyar da kike tsaye a bakinta na bi ta har ƙarshe. Nawa ya fara ne bayan haihuwar autana, wuri ɗaya a tsakiyar kai, cikin 'yan watanni ya cinye kan gaba ɗaya, sannan ya gangaro ya ɗauke gira da gashin ido, har da na cikin hanci. Abin da ba a faɗa ba kaɗan ne: wasu sun ce aljani ne ya aske ni da dare, wasu sun nuna abokiyar zamana da yatsa, matar da ba ta taɓa yi mini komai ba, ita ce ma take dafa mini abinci a kwanakin da na kasa fitowa tsakar gida.

Da aka ɗora ni a kan ƙwayar sha mai suna prednisolone, gashi ya fara fitowa, na riƙa shafa kaina da tafin hannu ina jin tsiron, na yi kukan murna na yi sadaka. Amma fuskata ta kumbura ta zama zagaye, cikina ya fito, barci ya ƙaurace mini, awon suga ya fara hawa, har maƙwabta suna tambayata ko juna biyu gare ni, wasu kuma suna raɗe-raɗin na shiga shan "sha ka fashe". Likita ya ce ba za a ci gaba haka ba, ya fara rage mini a hankali, kuma ana ragewa gashin yana bin matashin kai, kowace safiya sai na tattara shi da hannuna kafin yara su shigo. Ina gaya miki, 'yata, zubewar ta biyu ta fi ta farko ciwo nesa ba kusa ba, domin ta farko jarrabawa ce ta zo mini, ta biyun kuwa na riga na gaya wa dangi na warke. Da an zaunar da ni tun farko an ce mini, wannan ƙwaya aron gashi za ta ba ki muddin kina shanta, kuma jikinki ba zai jure ta shekara da shekaru ba, da na shiga da idona a buɗe, ko kuma da ban shiga ba.

Wani abin da ban ga masu magani suna ba shi muhimmanci ba shi ne fuska. Kullum ɗankwali ake cewa in cire a duba kai, a kimanta nawa ya fito nawa ya rage, alhali mu mata kanmu a rufe yake a waje tun da can. Gira da gashin ido su ne ba su da mafaka. A zafin Njamena zufa takan gangaro daga goshi kai tsaye cikin ido tana yaji, da hunturu kuma ƙura ba abin da ke tare ta, ido ya yi ja, hanci ya yi ta zuba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da za a ba ni zaɓi tsakanin sumar kaina da girata, ba zan yi dogon tunani ba. Yanzu ba na shan komai, shawarar da muka yanke ke nan ni da likitana. Ina zana gira da kwalli, ina sa tabarau idan zan fita, kuma lafiyar jikina ta dawo.

Asma'u, Garwa:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, maganarki ta shige ni ƙwarai. Ni ma allurar ba a yi mini bayaninta yadda ya kamata ba. Ƙaramar allura ce, amma a zama ɗaya ana soka ta wurare da yawa jere da juna, kina sunkuye kina riƙe da gefen kujera, sai a ce ki dawo bayan mako 4 zuwa 6. Bayan wani lokaci na ji wurin ya loɓa a ƙarƙashin yatsana, mai kitsona kuma ta ce launin fatar ya yi haske, na kwana ina tunanin wani ciwon ne dabam ya shigo, sai daga baya aka ce mini aikin allurar ne kuma yakan cike da kansa. Kalma biyu da sun ishe ni a lokacin. Ga kuma wahalar samun likitan fata a nan arewa, inda mutum zai bar aikinsa da yaransa ya yini a layi, wasu ma sai sun kai Yawunde. Yanzu ina ganin hotuna a Facebook na wani sabon magani da ake cewa yana dawo da gashi har ga wanda kansa ya zama fayau. Ko akwai wanda ya san gaskiyar lamarin?

Abdullahi, ma'aikacin farmasi, Garwa:
Yaya Asma'u, maganin gaskiya ne, amma hotunan rabin labarin suke nunawa. Rukunin magunguna ne da ake kira masu toshe JAK, wato suna katse saƙon da ke tunzura garkuwar jiki a kan tushen gashi. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da baricitinib, mai sunan kasuwa Olumiant, a watan Yuni na 2022 domin manya masu ciwon mai tsanani, sannan ritlecitinib, wato Litfulo, a watan Yuni na 2023 ga masu shekara 12 zuwa sama, sai deuruxolitinib, wato Leqselvi, a watan Yuli na 2024. A manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi wa baricitinib a kan mutum 1,200 da suka rasa rabin gashin kansu ko fiye, waɗanda suka sha miligiram 4 a kullum, kimanin 36 zuwa 39 cikin 100 ne gashi ya rufe musu aƙalla kashi 80 na kai bayan mako 36, kuma a wasu har gira da gashin ido suka dawo. Wannan ci gaba ne babba ga ciwon da a da ba shi da maganin sha da aka amince da shi, amma ku lura cewa fiye da rabi ba su kai wannan matsayi ba a cikin wannan lokaci, kuma su ba a ɗora hotunansu. Farashin baricitinib a Amurka dubban dalolin Amurka ne a wata. Akwai kwatankwacinsa da ake yi a Indiya da Bangaladash da sauƙin kuɗi, sai dai abin da ya biyo ta hannun 'yan kasuwa ba tare da takardar likita ba, ba mai iya rantse miki a kan abin da ke cikin kwalin.

Hajiya Kulu, Njamena:
Abdullahi ɗana, maganar gira ta sa zuciyata ta motsa, ba zan ɓoye ba. Amma ka gaya mini abu ɗaya: ranar da kuɗi suka ƙare, ko hanya ta toshe maganin bai iso ba, me zai faru da gashin?

Likita Nuhu, Ngaundere:
Hajiya, bari in amsa wannan. A gwajin da aka janye maganin daga waɗanda gashinsu ya dawo, mafi yawansu sun sake rasa shi cikin watanni, saboda haka wanda zai fara ya ɗauka cewa tafiya ce mai tsawo. Akwai kuma abin da ya shafe mu a nan fiye da mutanen da aka yi gwajin a kansu. Maganin yana sassauta garkuwar jiki, mu kuwa tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suna da yawa a yankinmu, kuma dukansu biyu suna iya kwanciya a jiki shiru, su farka idan garkuwa ta yi rauni. Dole a yi awonsu kafin a fara, a kuma riƙa awon jini lokaci zuwa lokaci. Yana iya tayar da ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, waɗanda muke kira zona, kuma takardarsa tana ɗauke da gargaɗi a kan daskarewar jini da ciwon zuciya, musamman ga masu shekaru da masu shan taba. Malama Asma'u, ban san wace ƙwaya likitanki yake nufi ba, amma idan methotrexate ce, ki sani sau ɗaya ake shanta a mako, kuma tana illata ɗan tayi, ba a ba mai ciki ko mai shayarwa. Idan kina sa ran haihuwa, ki faɗa masa kafin ya ɗauki biro. Ki kuma nemi a duba miki maƙoshi, domin ciwon glandar da ke kawo maƙoƙo yakan zo tare da wannan a wasu mutane.

Halima, Kusiri:
Likita, ni ɗana ne, yana aji uku a firamare, wuri uku a kansa, kuma yara sun sa shi gaba da tsokana har ya fara ƙin zuwa makaranta. Kakarsa ta ce makero ne, ta hana shi kwana da 'yan'uwansa, shi kuwa yaron ba ciwon ne yake sa shi kuka ba, warewar ce. Na shafa masa man da aka ba ni, yana ƙin tsayawa, yana cewa a bar shi haka.

Likita Nuhu, Ngaundere:
Maman yaro, fara tabbatar da wane ciwo ne, domin a yaranmu makero ya fi yawa nesa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Makero yana da garin amosani da ƙaiƙayi da guntayen gashi da suka karye, wani lokaci har da kaluluwa a wuya, yana yaɗuwa, kuma maganin sha irin griseofulvin yake buƙata na tsawon makonni. Wannan da muke magana a kai fatar sumul take, kuma wani lokaci za ki ga ƙananan ramuka a faratansa. Idan shi ne, babu dalilin raba masa shimfiɗa, kuma a ƙananan yara mukan guji allura, mu tsaya ga man shafawa na ɗan lokaci ko ma mu jira kawai. Ki je ki ga shugaban makarantar da takardar asibiti, ki nemi a bar shi ya sa hula a aji. Idan yana son ƙwallo, ki nuna masa hoton Pierluigi Collina, alƙalin wasan Italiya da ya busa wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 2002, wanda wannan ciwo ya ɗauke masa gashi gaba ɗaya tun yana saurayi.

Asma'u, Garwa:
Akwai tambayar da take damuna, ina fata Malam Yusha'u yana kusa. Mai kitsona ta ce in sayi gashin kanti in riƙa sawa a cikin gida saboda maigidana, ni kuwa ina tsoron hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi.

Malam Yusha'u, Garwa:
Malama Asma'u, Allah ya ƙara miki tsoronsa, ya kuma sa wannan ya zama kaffara. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ya zo ne a kan wata mata da 'yarta amarya ta yi ƙyanda gashinta ya zube, ta nemi izinin ta ƙara mata, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ba ta ba. Saboda haka malamai da yawa suka tsaya a kan hani ko da akwai ciwo. Wasu daga malaman wannan zamani kuma sun yi sauƙi ga macen da ba ta da gashi ko kaɗan, suna cewa wannan gusar da aibi ne, suna kafa hujja da sahabi Arfaja da aka yanke masa hanci a yaƙi aka yi masa izinin sa na zinariya. Ke da kike da sauran gashinki, na fi natsuwa da ki bar shi, ki nemi salon kitso marar ɗauri wanda zai rufe wurin. Neman magani kuwa halal ne, barinsa ma idan illarsa ta rinjayi amfaninsa ba laifi ba ne, kuma zargin wani da sammu ba tare da hujja ba zunubi ne da ya fi ciwon nauyi.

Hajiya Kulu, Njamena:
Malam ya yi gaskiya a kan zargin nan. Game da maigida kuwa, 'yata, ki tafi da shi asibiti ya ji bayanin da kunnensa, domin nawa sai da likita ya gaya masa baki da baki cewa ba a ɗauka kuma ba laifin kowa ba ne sannan ya tsawata wa danginsa.

Musa, Marwa:
Iyayena, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni ma prednisolone nake sha tun kafin azumi, wani mai shagon magani ne ya ba ni, kuma duk abin da Hajiya ta lissafa ina ganinsa a jikina, har wandunana sun daina shiga. Daga yau na ajiye ta, in gashin zai zube ya zube.

Likita Nuhu, Ngaundere:
Musa, kada ka ajiye ta yau, ina roƙonka. Wanda ya sha wannan ƙwaya fiye da mako 3 jikinsa yakan rage yin sinadarin da glandar saman ƙoda ke fitarwa, kuma idan aka yanke ta farat ɗaya mutum yana iya faɗuwa da amai da jiri da kasala mai tsanani, jininsa ya sauka har ya kai ga halaka. Ka sha ta yau yadda ka saba, gobe da safe ka ɗauki kwalin ka je asibiti, ka faɗi adadin da kake sha da lokacin da ka fara, a auna maka suga da hawan jini, sannan a tsara maka yadda za a rage ta mataki-mataki. Idan kafin goben ka ji amai ko jiri, kada ka jira gari ya waye.